Wai Ɗaya a Shafin Farko

Sunan Ba-Ƙari daga wata tukunya ya samo asali. Tana ƙarama, uwarta ta kira ta cikin fushi ta ce, "Je ki ce wa gwaggonki mai riƙon tsiya ta ba ki tukunyata, ba gadonta ba ce." Yarinya ta tafi, ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida gwaggo da ladabinta, sannan ta ce, "Inna ta ce in ce wa gwaggona mai riƙon tsiya ta ba ni tukunyarta, ba gadonki ba ce." Tukunya ta dawo a ranar, amma gwaggo ta yi wata da watanni ba ta taka gidan ba. Da aka tsare yarinyar da faɗa, sai ta buɗe ido ta ce ita fa ba ta ƙara komai ba. Ubanta, direban motar haya ne mai son dariya, ya yi ta ƙyaƙyatawa har da riƙe ciki, ya ce daga yau sunanta Ba-Ƙari. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji, ya bi ta wurin aiki.

Da ta girma, 'yan gidansu suka daina aikenta sai in suna son a ji maganar yadda take. Shi ya sa ba wanda ya yi mamaki da aka ce ta samu aikin jarida. Uwarta ma cewa ta yi gara a riƙa biyanta a kan halin da ta daɗe tana yi wa mutane kyauta.

Ofishin jaridar yana saman bene, a kan wani shagon sayar da tayoyi, don haka warin roba ne ke fara yi wa baƙo maraba tun daga matakala. Ɗaki ne dogo, da tebur dogo a tsakiya, da fanka mai kuka kamar za ta faɗo amma ba ta taɓa faɗowa ba. Teburin Ba-Ƙari yana jikin taga. Ita aka ba kotuna da asibitoci da makarantu, wato wuraren da manyan 'yan jarida ba sa so, saboda ba a raba lemo a can kuma takalmi yana cin ƙasa. Ta yi shekara da shekaru tana wannan yawon, ta haifi 'ya'yanta a cikinsa, ta yi furfurar farko a cikinsa. Ba ta yi suna ba, ba ta yi kuɗi ba. Abu ɗaya ta tara: in aka ga sunanta a saman labari, masu shayi da masu gyaran mota na unguwarsu sukan ce, "To, haka aka yi."

Duk sabon ma'aikaci da aka kawo mata, magana ɗaya take yi masa. "Abin da ka gani, ka ce ka gani. Abin da aka faɗa maka, ka ce wane ya faɗa. Abin da ke cin ranka kuwa, ka kai shi shafin baya."

Shafin baya shi ne na ra'ayi, kuma mai shi wani mutum ne da ake kira Mai Bulala, saboda sunan filinsa ke nan. Gajere ne mai tumbi, hotonsa da ke saman filin an ɗauke shi tun yana da gashi a ka. Mai Bulala ɗan jam'iyya mai mulki ne, ba ya ɓoyewa, ba ya jin kunya. In gwamnati ta yi tari, zai rubuta cewa alamar ƙoshin lafiya ce. Ba-Ƙari ba ta taɓa karanta shi ta kai ƙarshe ba tare da ta yi tsaki ba. Tana kiransa maroƙi mai digiri, shi kuma yana kiranta Yaya, duk da ba ta girme shi da wani abin kirki ba.

"Yaya, kin karanta ni yau?"

"Na naɗe takalmin da zan kai gyara da kai."

"Madalla. Ko ba komai na yi wa talaka amfani."

Amma ba ta taɓa ƙin sa ba. Mutumin ya sa hotonsa, ya sa sunansa, an rubuta RA'AYI da manyan baƙaƙe a kansa. Wanda ya buɗe shafin baya ya san gidan wa ya shiga. In ya ga dama ya zauna, in ya ga dama ya zagi mai gidan ya fita.

Abin ya fara lalacewa ne da aka sayar da jaridar ga wani ɗan kasuwa mai abokai a sama, ana saura 'yan watanni zaɓe. Sabon mai gida ya kawo sabon Edita, matashi mai tsabta, mai ƙamshin turare, mai magana ƙasa-ƙasa. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Bai taɓa ce wa kowa ya rubuta ƙarya ba, kuma da wannan yake taƙama. Shi dai ya karɓi labarinka, ya gode maka, ya shiga ɗan ofishinsa mai gilashi ya rufe ƙofa. Washegari ka ga labarinka ya fito, duk abin da ka rubuta yana nan, amma ka rasa dalilin da ya sa labarin yake kallonka da wata fuska.

Ba-Ƙari ce ta fara gano inda yake sa hannu. Ba ya taɓa adadi, ba ya taɓa sunan wuri. Ƙananan kalmomin da ke gaban maganar mutum yake canzawa. In gwamnati ce ta yi magana, sai ka ga "ta bayyana", "ta tabbatar", "ta yi ƙarin haske". In ɗan adawa ne, sai ka ga "ya yi iƙirari", "ya yi zargi", "ya yi ta ɓaɓatu". In kuwa talaka ne ya faɗi abin da zai ɓata wa na sama rai, to shi an tanadar masa wai.

Kalma ce mai harafi uku, ba ta da nauyi a baki, amma duk wanda ya tashi da harshen nan ya san aikinta. In mace ta ce 'yarta ta ci jarrabawa, labari ne. In maƙwabciya ta juya ta ce wai 'yarta ta ci jarrabawa, to an taɓe baki ke nan, ko da ba a ga bakin ba. Da ita ake fara zancen da ba a yarda da shi ba, da ita ake yi wa mutum dariya a bayan idonsa. Kuma abin takaicin, ba za ka iya kai ta ƙara ba. In ka ce an ƙaryata ka, sai a ce a ina? Wannan shi ne aikin matsoraci: ya ɗauki ra'ayinsa, ya cire masa hoto da suna, ya cusa shi a shafin farko a cikin rigar labari, ya bar wani da ɗaukar nauyin.

Ta yi magana a taron safe. Edita ya yi murmushi ya ce salon gida ne, kowace jarida da nata. Ta sake magana. Ya ce yana girmama gogewarta. Sai ta haɗiye, don tana da yara a makaranta, kuma labaran da ake yi wa wannan kwaskwarimar na 'yan siyasa ne, waɗanda a ganinta duk kanwar ja ce. Ta ce a ranta, su ƙarata can, muddin ba a taɓa nata ba.

A bakin layinsu akwai shagon wani mai aski. Tun tana amarya ta same shi a wurin, shi ke yi wa mijinta aski, shi ya yi wa 'ya'yanta maza tun suna kuka a kan kujera. Kullum safe sai ya sayi jaridarsu ya ajiye a kan benci don masu jiran layi, kuma in gardama ta kaure, shi ke raba ta da cewa, "A duba, in Yaya ce ta rubuta, a bar maganar." Shi ma Yaya yake kiranta. Mutum ne mai son jam'iyya mai mulki, har hoton ɗan takararta ya manna a gefen madubi. 'Yar autarsa, wadda kowa ke kira Auta, tana aji huɗu a makarantar gwamnati ta unguwar.

A makarantar nan aka gina sabbin azuzuwa a farkon shekarar. An zo da motoci, an yanka ƙyalle, an yi tafi, jaridarsu ta sa hoton a shafin farko. Fenti ya yi kyau ƙwarai. Da ruwan sama ya sauka da ƙarfi kwana biyu a jere, bangon aji ɗaya ya zame, rufin ya biyo shi, yara suna ciki suna darasi.

Ba-Ƙari tana shirin fita aiki ta ji ihun. Ta isa ƙura ba ta gama kwantawa ba. Ta ga maza suna ɗaga katako da hannu, ta ga malama zaune a ƙasa jini na zuba daga goshinta tana kiran sunayen yara ɗaya bayan ɗaya. Ta sunkuya ta ɗauki guntun bulo, ta matsa shi, ya marmashe a tafinta kamar busasshen burodi. Sannan ta ga Mai Aski ya fito daga cikin ɓaraguzan da Auta a hannu, har yanzu da farin ƙyallen aski a kafaɗarsa, don a tsakiyar aiki aka kira shi. Ta bi su asibiti. Tana tsaye a bakin ƙofa likita ya fito ya faɗa masa. Yara da dama sun ji rauni, Auta kaɗai ta rasu.

Da yamma ta je gidansa, ta yi wa maman Auta gaisuwa, ta fito ta same shi zaune a ƙofar gida. Ta daɗe kafin ta ce masa tana so ya yi magana a jarida.

"Yaya, ki bar ni," in ji shi. "Duk abin da na faɗa, waɗannan za su ɗauka su yi yaƙin zaɓe da shi, waɗancan su ce an saye ni. Ni ba na son a yi ƙwallo da sunan yarinyar nan."

"Ba wani zai rubuta ba, ni ce. Yadda ka faɗa haka zai fito, da sunana a sama."

Ya dube ta. Da wani ne, da ya tashi ya shige gida. Amma ita ce, don haka ya yi magana, kuma ba ta da yawa. Ya ce, "'Yata ta rasu a ƙarƙashin ginin da aka ce mana sabo ne. Ina so a gaya min wanda ya yi shi."

Ta rubuta labarin yadda ta saba. Ta sa abin da ta gani, ta sa maganar likita, ta sa maganar uban kalma da kalma. Ta kira ma'aikatar ilimi, kakakinta ya ce gine-ginensu masu inganci ne kuma za a kafa kwamiti, ta sa wannan ma. Ta miƙa wa Edita. Ya gode mata, har ya ce Allah ya ba iyayen haƙuri.

Da safe, kafin nata kwafin ya iso, aka ce Mai Aski yana sallama da ita a ƙofar gida. Wani daga cikin masu zuwa gaisuwa ne ya kawo masa jaridar. Yana riƙe da ita a ninke, idonsa ya kumbura. Bai gaishe ta ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Yaya, karanta min nan."

Ya iya karatu sarai, ta san haka. Ta karɓa. Babban kanun ya ce ma'aikatar ilimi ta tabbatar da ingancin gine-ginen makarantu. A ƙasansa ga sunanta. Bulon da ya marmashe babu shi, likita babu shi. Yatsan Mai Aski yana kan sakin layi na biyar, ta fara karantawa da ƙarfi, ta hango kalmar tun kafin ta kai gare ta. Da wata ce, da ta tsallake ta. Ita ba ta iya ba, bakinta bai taɓa koyon tsallake ba.

"Wani mazaunin unguwar ya ce wai 'yarsa ta rasu a ƙarƙashin ginin, a daidai lokacin da 'yan adawa ke neman yin amfani da lamarin."

Wani mai babur ya wuce ta bayansu.

"Kina wurin, ko ba kya wurin?"

"Ina wurin."

"Kin ga na ɗauko ta?"

"Na gani."

"To wa ya ce wai?"

Ta buɗe baki za ta ce ba ita ba ce, Edita ne. Gaskiya ce, amma ta ji ba za ta fita ba, don ba Edita ne ya zauna a ƙofar gidansa jiya ya ce masa ya yarda ba.

"Da hannuna na sa ta a rami," in ji shi, muryarsa ba ta tashi ba. "Yau wani ya zo yi min gaisuwa, yana kallona gefe-gefe, ya ce ya ji an ce 'yan adawa sun zo wurina. Ni da na yi layi a rana na zaɓi mutanen nan. Maman Auta ta ce a karanta mata, na ce ba a sa ba." Ya karɓi jaridarsa ya juya.

Ba-Ƙari ba ta san yadda ta hau matakalar ofis ba. Ba ta ajiye jaka ba, ba ta amsa gaisuwar kowa ba, ta tura ƙofar gilashin ba sallama, ta bar ta a buɗe don kowa ya ji. Ta shimfiɗa jaridar a gaban Edita ta ɗora yatsa.

"Yallaɓai, wannan kalmar tawa ce?"

Ya duba, ya gyara zama. "Ki zauna mana, Anti. Na fahimci abin ya taɓa ki, maƙwabcinki ne."

"Na tambaye ka, tawa ce?"

"Ni na sa. Amma ba rasuwar nake nufi ba, haba. Dalilin nake nufi. Kwamiti bai zauna ba tukuna, ba mu san ko ginin ne, ko ruwa ne, ko wani abu. Dole mu yi taka-tsantsan."

"Kwamiti bai zauna ba, amma ma'aikata ta tabbatar? Ita ba ta jira kwamitin ba, sai uban da ya ciro 'yarsa daga ƙarƙashin bulo shi zai jira? Karanta jimlar, Yallaɓai. A gaban me ka sa wai ɗin? Kai da ni harshe ɗaya muka sha a nono. Ka ce wai ta rasu. Ka sa duk garin nan ya taɓe wa gawar yarinya baki, kuma da sunana ka yi."

Edita ya haɗa yatsunsa. Ransa bai ɓaci ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"Me kike so a yi?"

"Gyara. Gobe, a shafin farko, inda aka yi ɓarnar. A ce yarinyar ta rasu, likita ya tabbatar, wakiliyarmu ta gani. A mayar da abin da ka cire."

"Jarida tana gyara ƙarya ne. Nuna min ƙaryar. Mutumin ya faɗa ko bai faɗa ba? 'Yan adawa suna maganar ko ba sa yi?"

Haka ake yi. Kowane bulo ka ɗauka a labarin gaskiya ne, ginin ne ƙarya, kuma ba wanda ke sa hannu a kan gini.

Sai aka ji muryar Mai Bulala daga bakin ƙofa, da kofin shayinsa a hannu. "Yallaɓai, ni nan tun safe har yamma yabon gwamnatin nan nake yi, kuma gobe ma zan yi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na sani. Amma ni ban taɓa sa wa gawa wai ba. In zan kare ma'aikata, zan kare ta da hotona a sama, a zage ni a kasuwa. Wannan da ka yi aikina ne, ka yi shi a shafin da ba nawa ba, da sunan da ba naka ba."

Edita ya dube shi, ya dube ta, sai fuskarsa ta washe kamar wanda aka kawo wa mafita.

"To ai shi ke nan. Anti, kina da abin faɗa, kuma muna da wurin faɗarsa. Ga shafin baya nan. Ki rubuta duk abin da ke ranki, na yi miki alkawari ba zan taɓa ko waƙafi ba. Mu nan ba ma hana kowa ra'ayinsa."

"Ba ra'ayi nake da shi ba. Gani na yi."

"Abin da zan iya ke nan."

Mai Bulala ya ce ya ba ta filinsa na wannan makon kacokan, ba ya son komai. Ta fita ba ta ce masa ta gode ba.

A gida ta kasa cin abinci. Mijinta, malamin lissafi ne mai ƙarancin magana, ya bar ta ta yi ta zagaye tsakar ɗaki tana faɗa har ta gaji. Ta zagi Edita, ta zagi mai jaridar, ta zagi ɗan kwangilar da ba ta san fuskarsa ba. Ta zagi kanta ma, don ta ga ana yi wa wasu ta yi shiru, ta ɗauka wutar za ta tsaya a gidan maƙwabta.

"In na sa shi a shafin baya," ta ce, "na yarda da bakina ke nan cewa abin da na gani da idona ra'ayi ne. Duk rayuwata ban taɓa rubuta layi ɗaya a shafin nan ba. Shi ya sa mutane ke yarda da ni."

"In kuma ba ki sa ba fa?"

Ta zauna a bakin tabarma.

"In ba ki sa ba," in ji shi, "abin da zai rage a rubuce game da yarinyar nan shi ne wancan. Ba wata jaridar da ta je wurin. Ki ajiye aiki ma, wancan ɗin yana nan, da sunanki."

Ta ji haushinsa saboda ya yi gaskiya. Washegari ta zauna a teburinta na jikin taga ta rubuta. Ba ta zagi kowa ba. Ta faɗi lokacin da ta isa, da abin da ta tarar, da yadda bulo ya yi a hannunta, da abin da likita ya ce. Ta sa maganar Mai Aski yadda ya faɗe ta. Ta sa ta kakakin ma'aikata, ta rubuta "ya ce" a gabanta, irin wadda ta sa wa uban. Mai Bulala ya leƙo ta kafaɗarta ya karanta har ƙarshe.

"Yaya, ina bulalar? Na ba ki fili guda, ko ashar ɗaya babu."

"Labari ne."

"Na gani," ya ce. Wannan karon bai yi wasa ba.

Edita ya cika alkawari, bai taɓa ko waƙafi ba. Da jaridar ta fito, Ba-Ƙari ta sayi kwafi a bakin titi, ta juya bayanta, ta ga rubutunta cif yadda ta yi shi, a ƙarƙashin manyan baƙaƙen nan na RA'AYI. Ta cije leɓe ta wuce su. Ta nufi shagon aski.

Mai Aski ya buɗe shagon a ranar, don zaman gida ya fi ƙarfinsa. Benci ba jarida. Akwai wani dattijo a kan kujera, an yi masa rabin kai. Ta yi sallama, ta miƙa masa, ta ce ya duba shafin baya.

Ya kashe injin, ya goge hannu a wando, ya karɓa. Ya karanta a tsaye, a hankali, leɓɓansa suna motsi. Dattijon bai yi ƙorafi ba. Da ya kai kan maganarsa, ta ga ya tsaya, ya koma ya sake karantawa. Ta ji wani abu ya fara saukar mata daga ƙirji.

Sai ya ci gaba zuwa ƙasa, ya wuce inda ta tsaya, ya kawo takardar kusa da idonsa. Akwai wani layi da ƙananan baƙaƙe a can gindin shafin, wanda ake sa wa kowane baƙon marubuci. Ita ko lura ba ta yi da shi ba, don ba ta taɓa kaiwa ƙarshen shafin nan da sanyin rai ba. Ya karanta shi da ƙarfi.

"Wannan ra'ayin marubuciyar ne, ba lallai ya zama matsayin jaridar ba."

Ya ninke jaridar gida biyu, ya sake ninkewa.

"Na gode, Yaya. Kin sa yadda na faɗa, ba ki rage ba." Ya miƙo mata. "Amma ki gaya min, tun da ke kika san aikin. Shekaranjiya wai ce, yau ra'ayinki ne. To abin da ya faru, a shafi na nawa kuke sa shi?"

Ta tsaya da jaridar a hannu.

"Ki tafi da ita," ya ce. "Kar maman Auta ta gani."

Ya kunna injin, ya dafa kan dattijon ya karkatar da shi, ya ci gaba daga inda ya tsaya.